Daga Ina Masu Asiri Suke Cewa Ƙarfinsu Yake Fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai sha'awar al'adun gargajiya. Kullum muna jin ana cewa wane ƙarfe ba ya kama shi, wance tana da iskoki, malam wane addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa. Na ji akwai irin wannan a ƙasar Yarbawa da Gana da Mali. A fahimtar mutanen Afirka ta Yamma, daga ina wannan ƙarfi yake fitowa? Tushensa ɗaya ne, ko kowa da nasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da zan kawo maka bayani ne na abin da masu harkar suke faɗa kuma suke aikatawa. Ni Musulmi ne, na san matsayina, kuma zan zo kan hukunci a gaba. Sai dai ina ganin wanda bai san ciki da wajen abu ba, ko ya yanke masa hukunci ba zai iya gamsar da mai yinsa ba.

Ka fara da sauraron yadda Bahaushe yake magana a kan mai asiri. Cewa ake yi ya sha, ya ci, an dafa shi, an ba shi, ya gada, ko kuma sun kama shi. A duk zaman da na yi da bokaye da maharba da 'yan bori da malaman tsibbu, ban taɓa jin wanda ya bugi ƙirji ya ce shi ya ƙagi ƙarfinsa ba. Kowa yana nuna wani wuri da ya ɗebo, kuma kowa yana da sharaɗin da in ya karya, abin zai tsere masa ko ya juyo kansa. Ƙarfin na aro ne, mai shi na nan yana jiran hakkinsa. Za ka tarar da wannan fahimta tun daga bakin kogin Sanagal har Tafkin Cadi. Inda al'ummu suka sha bamban shi ne wa ake arowa a wurinsa, da me ake biya.

Wanda aka fi sani shi ne iskoki. A wurin 'yan bori, iskoki al'umma ce mai birni, Jangare, mai zaure goma sha biyu, da Sarkin Aljan Sulemanu a bisa karaga. Akwai Malam Alhaji mai fararen kaya da carbi, akwai Ɗan Galadima ɗan sarki mai son turare da caca da kyauta, akwai Kuturu, akwai Sarkin Rafi mai hauka, akwai Inna wadda har yau sunanta yake bakinmu duk sa'ad da muka ce shan-inna. Ka lura, fadar Hausa ce aka ɗauke ta sukutum aka kai ta duniyar ɓoye, da malamanta da 'yan sarkinta da nakasassunta da baƙinta.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, galibi ba mutum ne yake zuwa neman iska ba. Ciwo ne yake fara kama shi, ko ɓari ya yi ta maimaita kansa ga mace, ko wata rama da aka rasa kanta. In aka duba aka ce iska ce, sai a yi girka: a killace mara lafiya kwanaki, ana ba shi jiƙe-jiƙe da hayaƙi, masu garaya ko goge suna kiran iskoki da takensu ɗaya bayan ɗaya har wanda ya kama shi ya bayyana. Daga ranar ya zama doki, in mace ce goɗiya, iska kuma mahayi. Ciwon ya lafa, amma an ƙulla zaman da ba ya ƙarewa. Za a ajiye wa iskan dabba mai launin da yake so, a saya masa tufafinsa, a kiyaye abin da ya hana. In ya hau, shi ke magana, shi ke faɗin magani, dokin kuwa in ya yi atishawa ya farfaɗo cewa yake bai san abin da aka yi ba. Na taɓa zama kusa da wata tsohuwar goɗiya bayan an tashi daga wasa. Gwiwoyinta sun kumbura saboda jifa, wato tumar da ake yi a faɗo da mazaunai a ƙasa. Tana shafa man shanu tana lissafa mini abin da ta kashe a shekarar na akuya da turare da zane, ta ce da za a sauwaƙe mata da ta huta, amma shekarar da ta yi sakaci ɗanta ne ya kwanta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, haka ta ɗauki zamanta da su.

Zabarmawa da Sangayawa suna da nasu, holle. Harakoi Dikko ce uwar ruwan Kwara, ɗanta Dongo shi ne mai aradu. In tsawa ta faɗa wa gida, sorko ake kira, wato zuriyar masuntan da suka gaji kirarinsa, su lallashe shi. Yarbawa suna da orisha irin su Shango da Ogun da Oshun, mutanen Dahomi da Togo suna da vodun, har Jamhuriyar Benin ta ware ranar hutu a watan Janairu don bikinsa. Wani abin da ya kamata ɗalibi ya tsaya a kansa shi ne, wannan duniya tana karɓar sababbin baƙi. Wajen 1925, a yankin Filinge na Nijar, wasu iskoki suka ɓullo da siffar sojojin Faransa, da gwamna da kyaftin da likita, suna fareti suna wasa da wuta. Su ne Hauka, waɗanda Hausawa suke kira Babule. 'Yan ci-rani suka tafi da su har Ankara ta Gana. Mutane sun ga wani sabon iko ya sauka a ƙasarsu wanda ba su da makaminsa, sai suka nema masa gurbi a cikin tsarin da suka sani, inda za a iya kiransa a yi ciniki da shi.

Akwai kuma ƙarfin da yake zaune a wuri. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, wanda yake bisa Dala, shi kaɗai yake shiga wurin Tsumburbura, abin bautar mutanen wurin. Jama'a su taru da baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da bunsuru, ya shiga ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi. Irin wannan ne Kufena a Zariya, da Kwatarkwashi, da rijiyar Kusugu a Daura. Ƙa'idar ita ce, wanda ya fara sarar daji shi ya yi alkawari da masu wurin, zuriyarsa ce take riƙe da alkawarin ko da sarauta ta koma hannun baƙo. Shi ya sa a ƙasar Arewa ta Dogondutsi, sarki daban, masu ƙasa daban. Sarauniyar Lugu ba ta da dakarun da za su kai na sarki, amma ita ke da dutsen Tunguma da ake kai wa shari'a, kuma wadda take kan wannan gado a 1899 ce ta tsaya wa rundunar Faransa. A Kumasi ta Gana kuwa an tara abin ne a kujera. Asantawa sun ce wajen 1700 bokan fada Okomfo Anokye ya sauko da kujerar zinariya daga sama ga Sarki Osei Tutu, kuma kurwar al'ummar tana cikinta, ko sarki ba ya zama a kai. Da gwamnan mulkin mallaka na Ingila ya nemi a kawo masa ita ya hau a 1900, yaƙi ne ya ɓarke, wata sarauniya mai suna Ya Asantewa tana gaba.

Sai gado, wanda a nan ƙasar ya fi fitowa fili a cikin sana'a. In ƙayar kifi ta maƙale wa yaro a wuya, gidan sarkawa ake nufa. In wuta ta ƙona shi, a kai wa maƙera. Wanzami yana da na tsayar da jini, mahauci yana da na hawan ƙaho, kuma a Argungu sai Sarkin Ruwa ya shiga Matan Fada ya ba da izini kafin masunta su faɗa. Kowane gida yana riƙe da sirrin abin da yake mu'amala da shi, kuma ba ya fita sai ga ɗa. Mandawa, wato Bambara da Malinke na Mali da Gini, su ne suka fi kowa ba wannan fahimta suna. Suna cewa a cikin kowane abu akwai wani zafi mai suna nyama. Yana fita in an kashe dabba, in an narka tama, in an jeme fata, har in an furta magana mai nauyi, kuma yana iya halaka wanda ba shi da tsarinsa. Saboda haka maƙera da maroƙa da dukawa suka zama jinsi na musamman, nyamakala, masu iya riƙe wannan zafi, ba sa auratayya da sauran jama'a. Ana jin tsoronsu, wani lokaci a raina su, amma ba a iya rayuwa ba su. Maƙeri ne shugaban ƙungiyar asiri ta Komo, shi ke kaciya, matarsa ke ginin tukwane. Akwai wani abu da suke ginawa da yumɓu da itace, boli, ana zuba masa jini da tauna goro da kunun gero shekara da shekaru har ya yi ɓawo mai kauri. Gwargwadon abin da ya sha, gwargwadon ƙarfinsa, in an daina ciyar da shi ya mutu. A wurin Sangayawa kuma akwai sohance, masu cewa su jikokin Sunni Ali ne, wanda ya mulki Sangai daga 1464 zuwa 1492. Cibiyarsu Wanzarbe a yammacin Nijar. Suna cewa babbansu yana da 'yar sarƙa a ciki, in zai mutu ya amayo ta magajinsa ya haɗiye. Ka riƙe wannan siffa ta abu a cikin ciki, za mu sake haɗuwa da ita.

Daji kansa rumbu ne. Na taɓa bin wani dattijo, maharbi ne kuma boka, ɗebo sassaƙe da asuba. Tun daga gida ya gargaɗe ni kada in gai da kowa a hanya. Da muka isa gindin itacen ya yi sallama kamar mai shiga gidan surukai, ya zuba ɗan gero a saiwa, ya sassaƙi gefen gabas, ya zagaya ya sassaƙi na yamma, yana tare ɓawon da ƙwarya don kada ya taɓa ƙasa. Na tambaye shi, in wani ya zo da gatari ya sara kawai fa? Ya ce wannan ya samu itace, bai samu magani ba. A wurinsa ɓawon jiki ne, izinin shi ne rai. A nan ne kuma za ka ga wata hikima da take tafiyar da rabin harkar, wato kama da wane. Kauci yana tsirowa a kan wani itace ya manne, sai a nemi shi don kasuwa da farin jini. Kurciya ba ta zama wuri ɗaya, sai a ce an yi wa wane kurciya in ya bar gari ya kasa dawowa. Sunayen tsirrai ma suna faɗin aikinsu: ka-fi-malam, ka-fi-boka, shashatau, da sanya da ake wa kirari uwar magunguna. Rigar maharbin Mali, donso, wadda take cike da layu da ƙahoni da farata da madubai, daji ne ya ɗauko ya rataya a jikinsa.

Ra'ayina a wannan gaɓa a fili yake. Cikin abin da wannan dattijo ya sani akwai ilimin itatuwa na haƙiƙa, wanda aka tara ta hanyar gwaji na ɗaruruwan shekaru, kuma yana bin tsofaffi kabari saboda mun haɗa shi da tsafi mun yi watsi da duka. Wannan asara ce da take ci mini rai. Haka kuma akwai abin da yake kashe mutane, kamar gwajin maganin bindiga a jikin yaro. Raba su aiki ne na masu ilimi, kuma ba a yi shi yadda ya kamata ba.

Amma in ka tambayi manyan masu harkar, za su ce maka duk waɗannan ba sa tashi sai da kalma. Yarbawa suna kiran ikon da yake sa abu ya tabbata ashe, suna kiran surkullen da ake karanta wa magani ofo, kuma sau da yawa ofo wasa ne da sunan ganyen, a ciro aikatau daga cikin sunansa a umarce shi da ya yi abin da sunansa ya faɗa. Babalawo, wato mai duba na Yarbawa, yana shafe shekaru yana haddar baitocin Ifa, waɗanda aka kasa gida 256, wato 16 sau 16. Mai bugun ƙasa na wurinmu ma da gidaje 16 yake aiki. Kirari ma daga wannan gida yake. Ɗan tauri yana iya zama lafiya lau, amma da makaɗi ya taɓa takensa sai tsuma ta tashi, ya zaro wuƙa. Sanin sunan asali na abu, ko na uwar mutum, shi ne riƙe linzaminsa, shi ya sa boka yake tambayar sunan mahaifiya. Kalmar asiri kanta daga Larabci take, ma'anarta abin da aka ɓoye. Abin da kowa ya sani ya tashi daga asiri.

Da Musulunci ya shigo da alƙalami, sai kalma ta samu jiki. Ana iya rubuta ta a allo a wanke a sha, a naɗe ta a kai wa baduku ya ɗinke, a ɗaura a damtse ta zama kambu, a ɗaura a ƙugu ta zama guru, a binne a ƙofar gida. A ganina babu abin da ya sauya harkar asiri a Afirka ta Yamma kamar wannan, don ya fitar da ƙarfi daga hannun zuriya da wuri ya sa shi a jakar matafiyi. A 1796 Baturen nan Mungo Park ya sauka a Kulikoro a bakin Kwara, mai masaukinsa ya kawo masa allo ya ce ya rubuta masa laya. Ya cika allon gaba da baya, mutumin ya wanke ya shanye, ya lashe allon har ya bushe. Bai damu da abin da aka rubuta ba, rubutun kansa yake nema.

Ilimin hatimi kuwa yana da littattafansa da lissafinsa. Kowane harafin Larabci yana da adadi. Hatimin da ya fi shahara shi ne mai gida tara, wanda ake jinginawa ga Gazali: a jera 1 zuwa 9 yadda duk layin da ka bi, tsaye ko kwance ko karkace, zai ba ka 15. A kusurwoyinsa huɗu akwai 2 da 4 da 6 da 8, waɗanda a haruffa su ne ba da dal da waw da ha, a haɗe buduh. Ka ji inda baduhu ya samo suna, wanda a bakin Bahaushe ya zama maganin ɓacewa. Littafin da malaman tsibbu suka fi dogara da shi shi ne Shamsul Ma'arif da ake danganta wa Albuni, wanda ya rasu wajen 1225. Mu ma muna da namu gwanin. Muhammad ɗan Muhammad Alfulani Alkashnawi, Bakatsine, ya yi karatu a ƙasar nan, ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira yana koyarwa har ya rasu a can a 1741, a gidan Hasan Aljabarti mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Ya bar Durrul Manzum a kan sihiri da ɗalasimai da taurari, da wani rubutu na 1732 a kan hanyoyin gina hatimin da adadin gidajensa mara ne, wato ba ya rabuwa biyu daidai, wanda masana lissafi suke nazarinsa yau a matsayin lissafi tsantsa. Ina so ɗalibanmu su san wannan suna.

Kasuwar laya ta wuce iyakar Musulmi nesa. Sarakunan Asante ba su musulunta ba, amma sun ajiye malamai daga arewa a fada, waɗanda suke kira kramo, suna rubuta musu. Babbar rigar yaƙin sarkin, batakari kese, lulluɓe take da layu cikin fata da azurfa da zinariya. Bayan yaƙin Katamanso na 1826 an tsinci tarin takardun Larabci na rundunar Asante, akasarinsu na tsari da hatimai, suna nan a ɗakin karatu na Kofanhegan a Danmak. Wannan ya nuna maka wata ɗabi'a da take ko'ina: asirin nesa ya fi na gida kwarjini. Mutumin kurmi yana duban arewa, har wuraren tsafin ƙabilar Talensi na duwatsun Tongo a arewacin Gana suka yi rassa a kudancin ƙasar a zamanin bunƙasar noman koko. Bahaushen birni yana duban Maguzawa da Gwarawa da Nufawa. Malami yana duban gabas. Bokan unguwa, wanda aka san ranar da matarsa ta yi yaji, da wuya ya yi kwarjini a unguwarsu.

Tunda na aro ne, kowane asiri yana da makari, kuma tarihin baka cike yake da labarin yadda aka gano shi. Sumanguru Kante, sarkin Soso, abokin gabar Sunjata wanda ya kafa daular Mali, maƙeri ne da ƙarfe ba ya kama shi. 'Yar'uwar Sunjata da take aurensa ta lallaɓe shi har ya faɗa mata cewa ƙaimin ƙafar farin zakara ne makarinsa. A yaƙin Kirina, wajen 1235, aka ɗaura shi a kan kibiya, ta ɗan kurje shi kawai, ƙarfin ya zube, ya gudu ya ɓace a duwatsun Kulikoro. Je ka Katsina ka ji kusan labarin nan da wasu sunaye: Sarki Sanau yana da layar da ba a kayar da shi a kokawa, matarsa ta sace ta, baƙonsa Korau ya kayar da shi ya yanka, sarauta ta bar gidan Durɓawa. Har gobe in harsashi ya ratsa mai maganin bindiga, abokansa cewa za su yi ya ci abin da aka hana shi, ko ya kusanci mace, ko ya ɗauki kayan da ba nasa ba. Da wannan ne tsarin yake kare kansa, don duk gazawa tana da bayani a shirye.

Abu ɗaya ne ya fita daga wannan ƙa'ida, shi ne maita. Maye ba ya zuwa daji, ba ya rubutu, ba ya yanka wa kowa. Ana cewa ƙanƙara ce a cikinsa, ya sha ta a nono ko ya saya ya haɗiye, da ita yake kama kurwa. Yarbawa suna cewa aje, Asantawa bayi, Bambara subaga, Zabarmawa carkaw. Tunda abin a ciki yake, babu laya da za a kwance, babu wurin da za a rushe, babu kuma hanyar da wanda aka zarga zai wanke kansa. A nan ne zuciyata take ƙuna. Na ga an taru a kan wata tsohuwa a wani ƙauye saboda yarinya mai zazzaɓi ta ambaci sunanta cikin magagi. Aka fito da ita tsakar rana, aka tilasta ta tsallaka yarinyar sau uku, jikokinta suna kallo. Yarinyar zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai, allura ce ta tashe ta. Tsohuwar kuwa har ta rasu ba a ƙara sayen ƙuli-ƙulinta ba, 'yan matan gidanta suka rasa manema. A arewacin Gana akwai matsugunai irin na Gambaga inda matan da aka kora suke ƙare rayuwarsu, kuma a 2020 an doke wata mai shekara 90 har lahira a Kafaba, mutane suna ɗauka da waya. Ka duba waɗanda ake zarga: tsofaffi, zawarawa, marasa ɗa namiji, marasa galihu. Ban taɓa ganin an sa attajiri tsallake ba.

Game da hukunci, ka lura cewa malamai ma a kan wannan tambaya taka suka tsaya, wato daga wa aka nema. Alƙur'ani bai musanta samuwar aljanu ko sihiri ba. Aya ta 6 a Suratul Jinni ta ce wasu mazaje daga mutane sun kasance suna neman tsari da wasu mazaje daga aljanu, sai suka ƙara musu wahala. Aya ta 102 a Baƙara ta ce masu sihiri ba sa cutar da kowa sai da izinin Allah, kuma suna koyon abin da yake cutar da su ba ya amfanarsu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa sihiri cikin abubuwa bakwai masu halakarwa, ya kuma ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Yanka don iska ko dutse ko itace shirka ne, babu saɓani, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ambaci wannan da bugun ƙasa a Nurul Albab. Ruƙiyya da ayoyi da addu'o'in da suka tabbata halal ce. Magani da itace halal ne in an bar surkullen. Inda aka yi saɓani tun magabata shi ne rataya laya ta Alƙur'ani zalla da shan rubutu, wasu suka halatta, wasu suka hana, kuma muhawarar ta ƙara zafi a ƙasar nan bayan kafa Izala a Jos a 1978. Hatimin da yake cike da sunayen da ba a san ma'anarsu ba kuwa, ko masu halatta laya sun yi sharaɗin a san abin da aka rubuta.

A aikace, waɗannan maɓuɓɓuga a cakuɗe suke, har mai abin ma bai cika sanin wanne yake dogara da shi ba. Sarakunan Haɓe na Kano suna da wani abu da ake kira Dirki, wanda Tarihin Kano ya ce an fara shi a zamanin Muhammadu Zaki. Dunƙule ne na fatu, ana yanka masa shanu in gari ya shiga tsanani. A zamanin Muhammadu Alwali, wanda ya hau a 1781, aka yi yunwa, fadawa suka yi ta karɓar shanu don Dirki har sarki ya gaji. Ya ce shi ya san babu komai a ciki sai Alƙur'ani, ya sa samari suka sa masa gatura. Da aka farke fatun sai ga Alƙur'ani mai kyau a ciki. A wurin sarki, Littafin shi ne abin girmamawa, fatu da jini ƙari ne na banza. A wurin fadawa, shekarun da aka yi ana naɗe shi ana shayar da shi su ne suka riƙe garin, suka gaya masa za a fitar da shi daga ƙasar kamar yadda ya fitar da Alƙur'ani daga Dirki. A 1807 jama'ar Shehu suka gama karɓe Kano, aka kashe Alwali a Burumburum.